Hannun da Ya Bugi Almustafa

A Garin Ila, wani ƙauye da ke ƙasar Ollelewa, kowa ya san Radiya matar Audi da ƙarfin hannu. Rijiyar garin tana da zurfi ƙwarai, mata sukan haɗu bibbiyu kafin su ja guga, amma ita kaɗai take jan nata, ta kuma taya ta kusa da ita. Ba ta da yawan magana. 'Ya'yanta biyu, Khadijat mai shekara bakwai da Haris da ke goye, bai kai yaye ba. Mijinta Audi mutum ne mai sanyin hali, irin wanda in an taka masa ƙafa a kasuwa shi ne zai fara ba da haƙuri.

Audi ya yankar mata gayauna a arewacin gari, kusa da burtalin da dabbobi ke bi in za su gangaro daga jeji. Shekara biyu tana shuka wake da yakuwa da kuɓewa, fari yana cinyewa. A ta ukun ruwa ya yi kyau. Waken ya yi 'ya'ya har ta fara tunanin a bana ba za ta roƙi kowa kayan miya ba.

Wata Talata da hantsi, lokacin kaka, an girbe gero ana ɗaure dammuna amma ba a kai ga sakar wa makiyaya gonaki ba, ta bar Haris wurin surukarta Inna Habiba, ta saɓa gatari za ta saro itace, ta biya ta tsinko wake. Tun daga nesa ta hango wuyan raƙuma. Su biyar ne a tsakiyar gayaunar, suna fizgar waken da jijiyarsa. Kusan rabi ya tafi.

Mai raƙuman yana zaune ƙarƙashin aduwa, rawani ya rufe masa fuska sai idanu. Daga baya ta ji sunansa Almustafa, makiyayi ne daga wajen Tenhiya.

Ta ce, "Bawan Allah, raƙumanka suna cikin gonata."

Ya dube ta bai motsa ba. "Ina mai gonar?"

"Ni ce mai gonar."

"Je ki kira mijinki. In akwai ɓarna, da shi zan yi magana."

"Kafin in je in dawo babu abin da zai rage. Ka fitar da su tukuna."

Ya kau da kai. Sai ta shiga da kanta, ta kama akalar babbar taguwar ta fara ja. A nan ya tashi. Ya faɗi wata magana da harshensu wadda ba ta ji ba, ya fizge akalar, ya sa damtse ya ture ta a ƙirji. Ta faɗi zaune a kan waken. Shi kuwa ya juya mata baya yana lallashin taguwarsa, kamar an gama magana.

Radiya ba ta iya tuna lokacin da ta miƙe ba. Abin da ta tuna shi ne nauyin gatarin a hannunta, da ƙarar da bayan gatarin ya yi da ya samu gefen kan mutumin, sama da kunnen hagu. Ya durƙusa. Ya waigo ya dube ta kamar yana son tambayar wani abu, sannan ya kife. Rawanin ya warware, ta ga fuskarsa. Bai kai shekarun da ta yi zato ba, gemunsa ko cika bai yi ba sosai.

Ta kira shi sau biyu bai amsa ba. Jini yana bin wuyansa. Ta cire ɗankwalinta ta ɗaure masa kai, ta ruga gandu inda Audi ke ɗaurin dami.

Audi ya zo da amalanken jaki. Ya tsuguna ya sa kunne a ƙirjin mutumin, ya ce da rai. Ya rungumo shi ya ɗora a amalanke, jini ya ɓata masa gaban riga duka. Sannan ya dubi matarsa.

"Wa ya gan ki?"

"Babu kowa."

"To koma gida. Ki karɓi Haris ki goya. Yau ba ki zo gona ba."

"Malam, ni ce fa na..."

"Na ji. Ki tafi."

Ya kai shi likitan Ollelewa, wato ƙaramin asibitin garin, daga can aka sa shi a mota zuwa Tanut. Kwana biyu Almustafa bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo, kunnen hagu ya mutu, idon wannan gefen kuma dishi-dishi yake gani. Jandarmomi suka tambaye shi wa ya buge shi. Ya ce mai gonar. Suka ce, Audi? Ya ce shi.

Ranar Juma'a kafin a tafi masallaci motar jandarma ta tsaya a ƙofar gidan. Audi bai yi gardama ba. Ya nemi a bar shi ya sa takalmi, ya shiga ya durƙusa wa mahaifiyarsa, ya fito ya hau. Bai dubi inda Radiya ke tsaye ba.

Da yamma, bayan masu zuwa jaje sun ragu, Radiya ta samu Inna Habiba a bayan rumbu tana sheƙar gero. Ta durƙusa.

"Inna, ba shi ba ne. Ni ce."

Tsohuwar ta ajiye ƙwaryar. "Na sani. Tun ranar na ga kin dawo ba ɗankwali, kin kasa ɗaure zanen goyo."

"To ku bar ni in je in faɗa."

"Ki faɗa a yi me? 'Yar nan, namiji in ya shiga kaso ya fito, sai a ce ƙaddara ce ta same shi, a zo a yi masa barka. Mace in ta shiga, ko an sake ta ba ta fito ba. Khadijat za ta tashi ana nuna ta, ana cewa ga 'yar wadda ta yi kaso. Wa zai aiko neman aurenta? Wa zai ci tuwon da kika tuƙa?"

"Amma shi bai yi komai ba."

"Ni na haife shi. Kina tsammanin ba ya yi mini ciwo? Abin da ya zaɓa ke nan, kuma ni ma da ya tambaye ni shi zan ce masa. Ki riƙe bakinki."

Radiya ta riƙe bakinta kwana tara. Ba ta iya cin abinci, nono ya fara ja baya. Ranar kasuwa ta ce za ta kai wa Audi fura, ta goya Haris ta shiga motar Tanut. Da ta sauka, ba gidan kaso ta nufa ba, ofishin jandarmomi ta tambaya.

Wanda ya riƙe maganar wani ajidan ne, babba a cikin jandarmomin, mai furfura a gefen kai, sunansa Abdulgafar. Ya sa aka ba ta kujera da ruwa.

Ta ce, "Shef, na zo ne kan maganar Audi na Garin Ila. Ba shi ya bugi mutumin nan ba. Ni na buge shi."

Wani matashin jandarma da ke bakin ƙofa ya yi dariya. Ajidan ya harare shi. Sannan ya ajiye biro ya dube ta da kyau.

"Madam, shekara ashirin da biyu ina wannan aiki. Ke ce ta shida ko ta bakwai da ta zo mini da irin wannan magana. Wata don ɗanta, wata don mijinta. Ban taɓa ganin laifinsu ba."

"Ni ba don in cece shi na zo ba. Abin da ya faru nake faɗa. Da bayan gatari na buge shi, a hagu, sama da kunne. Ɗankwalin da aka kawo shi da shi nawa ne, shuɗi mai zanen ganye."

"Mijinki ya ce ke kika ba shi ɗankwalin da ya zo ɗaukar amalanke. Sauran kuwa duk zai iya gaya miki."

"Ƙarya ya yi."

"Wanda aka buga ya ce namiji ne. Wanda ake tuhuma ya ce shi ne. Mutanen da suka gan shi a hanya sun ga jini a rigarsa. Ke kaɗai ce kike faɗin wani abu daban." Ya gyara zama. "Na san laifin da ke kawo mata nan. Faɗa a bakin rijiya, zagi, wata ta watsa wa wata ruwan zafi. Amma a ce mace ita kaɗai a daji ta tari makiyayi da sandarsa da wuƙarsa, ta kai shi ƙasa da bugu ɗaya? Na ga mutumin. Ya fi ni tsawo."

"Ya juya mini baya ne."

Ajidan ya ɗago kai. Ta ga kamar maganar ta taɓa shi. Amma sai Haris ya fara kuka a bayanta, idonsa ya koma kan yaron.

"In kin nace zan rubuta. Sai dai ki sani, in alƙali ya ɗauka ƙarya kike yi don ki ɓata shari'a, ke ma abin zai iya shafar ki. Wannan yaron fa?"

"Ka rubuta, Shef."

Ya rubuta rabin takarda, ya karanta mata da Hausa, ta dangwala yatsa. Ya raka ta har bakin ƙofa, ya ce Allah ya ba ta ladan zaman aure.

Daga nan ta wuce gidan kaso. Aka fito da Audi aka zaunar da shi a kan benci, an aske masa kai. Ta miƙa masa furar, ta gaya masa inda ta fito. Fuskarsa ta canja. Tun aurensu ba ta taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"Wa ya aike ki?"

"Babu kowa. Ba na iya barci, Malam. Kana nan a kan laifina."

"Haris yana shan nono. In aka kulle ki wa zai shayar da shi?"

"An ce ana barin mace ta shiga da jaririnta."

"Ɗana ya yi rarrafe a nan?"

"To a yaye shi. Inna tana nan."

Audi ya waiga ya ga mai gadi ya yi nisa, ya rage murya. "Radiya, ki saurare ni. Kina so a ce ina gandu ina ɗaurin dami, matata tana daji tana faɗa da maza? A ce gonar Audi matarsa ce ke tsare masa? Da wane ido zan dubi mutane a ƙofar masallaci? Gara nan."

Ta dube shi. Duk kwanakin nan ta ɗauka saboda ita da yaran kaɗai ya yi. Saboda su ne, ba ta musa ba, amma akwai wani abin kuma wanda ba nata ba ne, kuma ba ta san yadda za ta yi gardama da shi ba.

"In aka kira ki gaban alƙali, ki ce ruɗewa ce ta sa ki," ya ce. "Kin ji ko?"

Ba a ma kira ta ba. Ranar shari'a tana zaune a baya tare da Inna Habiba, tafinta yana juya abin da aka faɗa da Faransanci. Almustafa yana gaba da 'yan uwansa, rawani ya rufe tabon. Alƙali ya ɗaga rabin takardar nan, ya ce wa Audi matarsa ta so ta ɗauki laifinsa a kanta, ya kamata ya gode wa Allah da ya ba shi irin wannan mace, kuma ya yi tunanin halin da fushinsa ya jefa ta. Saboda shi ya kai wanda ya ji wa rauni likita, kuma ba a taɓa kama shi da wani laifi ba, aka yi masa sassauci. Shekara biyu.

Labarin takardar ya riga su isa Garin Ila. Mata suka yi ta shigowa. Wata ta kawo mata garin kuka, wata sabulu. Suna cewa Radiya ta cika mace, yanzu ina ake samun wadda za ta ce a ɗaure ta a saki mijinta. Da farko tana cewa ba haka ba ne, ita ce ta yi. Sai su yi murmushi su dafa kafaɗarta, su ce ya isa haka, an riga an yanke. A bakin rijiya 'yan mata sukan matsa mata ta fara ja. Ita kuwa duk lokacin da igiyar ta cika mata hannu, sai ta tuna ƙarar nan.

Bayan wata huɗu ta ji a kasuwar Ollelewa cewa dangin Almustafa sun sauka kusa da wata rijiya a kan hanyar Tenhiya. Ba ta gaya wa kowa ba sai Inna Habiba, ita ma da safen da za ta tafi. Tsohuwar ta ce, "Ba ki ji magana," amma ta karɓi Khadijat.

Mota ta sauke ta a bakin hanya, ta taka da goyo har rana ta take tsaka kafin ta hango bukkokin tabarma guda biyar da awaki a inuwar ƙaya. Wata dattijuwa siririya ta fito ta tare ta. Ita ce Nana, mahaifiyar Almustafa. Hausarta ta kasuwa ce, amma ana ganewa. Ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo nono a akushi.

Radiya ta ce, "Ba zan sha ba sai kun san ko ni wace ce. Ni ce matar Audi na Garin Ila."

Nana ta daɗe tana kallon ta, daga fuska har hannuwa. "Ke ce ke nan."

"Kun sani?"

"Ni na yi jinyarsa. Cikin zazzaɓi yana ta cewa matar, matar, ku riƙe matar. Da ya warke na tambaye shi, ya ce mafarki ne." Ta tura mata akushin. "Sha. Kin yi tafiya da yaro."

Aka kira Almustafa. Ya zo ya zauna nesa kaɗan, ya karkato da kunnen dama wajenta. Ya rame. Ta lura in zai ɗauki abu sai ya laluba kafin hannunsa ya same shi.

Ta ce, "Na zo neman gafara. Abin da na yi maka ban da hujja."

Ya ce, "Na yafe. Ni na fara ture ki. Raƙumana kuma sun ci gonarki."

"Sai abu na biyu. Akwai mutum a kaso wanda bai taɓa ka ba. Shi ya ɗauke ka ya kai ka likita. In ka je ka faɗi gaskiya, za a ji maganarka. Ni na faɗa ba a ji ba."

Almustafa ya ja rawaninsa sama har ƙarƙashin ido. "Wannan ba zan yi ba."

"Don me?"

"In na ce mace ce ta kayar da ni, na gama zama cikin maza. Daga nan har Tarka babu rijiyar da zan kai dabba ba a nuna ni ba. Ƙannena ma sai an yi musu gori da ni. Kunne na rasa, da rabin ido. Ki bar mini abin da ya rage."

"Shi kuma ya ƙare shekara biyu?"

"Shi ya nema. A kan amalanke na farfaɗo kaɗan, kafin mu kai Ollelewa. Ya tsayar da jaki ya sunkuyo ya ce mini, ni na buge ka, ka ji? Ya faɗa sau uku. Na ce na ji. Tun a nan muka gama maganar, ni da shi."

Radiya ta miƙe ta gyara goyonta. Ta yi tafiyar rabin yini don ta roƙi mutum ya warware abin da ashe su biyu suka ƙulla tun jininsa bai bushe ba, kuma babu wanda ya ga ya kamata a tambaye ta.

Nana ta raka ta har inda ake hango hanyar mota. Ta ba ta cuku biyu a ƙunshe cikin tsumma, ta ce na yaron ne. Kafin su rabu ta ce, "Da ya mutu, da ni ce zan zo garinku, kuma ba da nono zan zo ba. Tunda bai mutu ba, ki koma gida. Kada ki ƙara zuwa. Kawunansa in suka gane dalilin zuwanki, shi za su fara wulaƙantawa."

Radiya ba ta ƙara tayar da maganar ga kowa ba. Ta yi noman gandu damina ɗaya ita da 'yan uwan mijinta, ta yaye Haris, duk wata tana kai abinci Tanut.

Aka sako Audi bayan wata ashirin, an rage masa wata huɗu. Ya dawo da tari mai naci, haƙoransa biyu sun fita. An yanka akuya, ƙofar gida ta cika da maza kwana uku. Abin da Radiya ta fara lura da shi shi ne wurin zamansa ya canja. Da can a gefen tabarma yake zama in ana hira, babu mai tambayar ra'ayinsa. Yanzu a tsakiya ake ba shi wuri. Mai gari ya sa shi cikin masu zuwa duba ɓarna in dabbobi sun shiga gona, don an ce makiyaya suna shakkarsa. Kuma gaskiya ne, garke ba ya ƙara raɓar gonarsu.

Da farko in aka ɗauko labarin sai Audi ya sunkuyar da kai ya ce abin da ya wuce ya wuce. Bayan wasu watanni ya fara gyaɗa kai. Wata rana bayan la'asar Radiya tana tankaɗe a tsakar gida, ta jiyo muryarsa ta bayan danga, samari sun kewaye shi.

"Na ce masa, bawan Allah, raƙumanka suna cikin gonata. Ya dube ni bai ko motsa ba. Na ce ka fitar da su tukuna. Sai na shiga da kaina na kama akalar babbar taguwar."

Rariyar ta tsaya a hannunta. Kalmominta ne, yadda ta faɗa masa su, ya cire zancen kiran miji kawai, da juya baya. A nasa labarin gaba da gaba suka yi.

Da ya shigo alwala ta kawo masa buta, ta ce, "Malam, me ya sa kake ba da labarin nan haka?"

Ya karɓi butar bai dube ta ba. "Wata ashirin na kwana a kan siminti saboda shi. In ba nawa ba ne, na wane ne?"

"Yaran nan suna jin ka. Suna jin daɗinsa."

"To in ce musu me? In ce ke ce?"

Ta koma kan rariyarta. Ya yi tari ya tofar, ya fara wanke hannu.

Cikin masu zama wurinsa har da ƙanensa Sidi, autan Inna Habiba, wanda bai fi wata biyar da aure ba. Da bazara ta yi zafi ruwan rijiya ya ja baya, aka raba lokaci tsakanin mutanen gari da makiyayan da suka sauka kusa. Wata safiya gardama ta tashi kan wa zai fara shayarwa. Dattawa suna ƙoƙarin sasantawa, Sidi ya kutsa tsakiya yana cewa a tambaya a ji ko shi ƙanen wane ne, gidansu ba a kawo musu raini. Ya zaro ƙotar fartanya ya sauke wa wani makiyayi mai suna Amadu a kafaɗa, ya ƙara masa a kai. Mutum ashirin suna kallo. Amadu ya kwana biyu a likita ya cika.

Da jandarmomi suka zo ɗaukar Sidi, Audi ya shige ɗaki ya ƙi fitowa. Kwana huɗu bai je masallaci ba. Radiya tana kai masa abinci tana ɗauko shi yadda ta ajiye. Amaryar Sidi iyayenta suka zo suka tafi da ita.

Ranar kasuwa Inna Habiba ta ce ƙafafunta ba za su iya tafiyar zuwa ganin Sidi a kaso ita kaɗai ba. Radiya ta tuƙa tuwo ta zuba a kwano, ta ɗaure da tsumma, suka shiga motar Tanut. An matse su a baya tsakanin buhunan wake. Motar ta yi nisa. Sai tsohuwar ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Da na bar ki kin faɗa tun farko."

Radiya ta ce, "Na faɗa, Inna. Na faɗa muku, na faɗa wa jandarma, na je har wurin mutumin."

Inna Habiba ta ja gefen mayafinta ta goge ido.

A ƙofar gidan kason sun tarar da layi ya yi tsawo, yawancinsu mata, kowace da kwanonta a ka ko a hannu. Radiya ta san wasu daga ciki tun zuwanta na baya, suka gaisa, wata ta tambaye ta ko maigidan ne aka sake kamawa. Ta ce a'a, ƙanensa ne. Ta nemo wa Inna dutse a inuwar katanga ta zaunar da ita, ta koma ta riƙe musu layi. Rana ta yi zafi kafin a zo kansu. Mai gadi ya kwance tsumman, ya sa cokali ya tsaga tuwon gida huɗu yana dubawa, sannan ya tambayi sunan wanda aka kawo wa.